Rafin Tarwaɗa da Hanyar da Aka Haramta wa Mota

Sharhinmu na yau da ƙafa zai yi tafiya, cikin wani kwari da ke arewa maso yammacin birnin Filadelfiya, a jihar Fensilbaniya ta Amurka.

Asabar ce, ƙarshen watan Oktoba, wajen ƙarfe tara na safe. Sanyi ya sauka har numfashi na fita kamar hayaƙi. A bakin wata hanyar tsakuwa, mutum goma sha wani abu sun yi cirko-cirko, kowa da 'yar jakarsa a baya da gorar ruwa. Ga tsohuwa da sandunan tafiya biyu, ga ɗalibai, ga magidanci ya goya ɗansa, ga wata mai kare a igiya. Yawancinsu ba su san juna ba sai yau. Jagora ya ƙirga kawuna, ya zaɓi wanda zai tsaya a ƙarshen ayari don kada a bar kowa a baya, sannan ya ja kunne kan abu biyu: kada a taɓa wani tsiro mai ganye uku-uku wanda ke yin ja a wannan lokaci, don yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma kowa ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa saboda kaska. Kaskar can ba ta shanu ba ce, ƙanana ne ƙwarai, suna ɗauke da cutar Laim, kuma Fensilbaniya na cikin jihohin da cutar ta fi yawa.

Rafin da za su bi sunansa Wissahickon. Sunan daga harshen Lenape ya fito, wato mutanen da Turawa suka tarar a wurin, kuma masana sun kasu biyu kan ma'anarsa: wasu sun ce "rafin tarwaɗa", wasu sun ce "rafi mai ruwa rawaya". Tsawonsa kusan kilomita 37 ne, amma kilomita 11 na ƙarshe su ne abin kallo, inda ya tsaga dutse ya yi kwazazzabo kafin ya faɗa kogin Schuylkill. Filin da aka keɓe a nan ya kusa eka 2,000, da hanyoyin ƙafa sama da kilomita 80, duk a cikin birni mai mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Me ya fito da su cikin wannan sanyi? Ganye.

Masu fassara sun saba kiran wannan lokaci nasu da "kaka", kuma ba su yi kuskure ba, tun da can ma lokacin girbi ne, kasuwa cike da kabewa da tuffa. Sai dai Bahaushe in ya ji kaka, dammunan gero da dawa yake hange, da rumbu a cike. Su kuwa bishiya suke hange. A ƙasar Hausa ganye yakan bushe ya kaɗe da hunturu ba tare da wani biki ba, in ban da gawo mai taurin kai, da ke zubar da nasa da damina lokacin da kowa ke tohowa. Can kuwa sai ganye ya yi ado kafin ya faɗi. Da rana ta fara gajarta, bishiya takan daina ƙera sinadarin nan kore da take dafa abincinta da shi, kulorofil, ta janye abin amfanin da ke cikin ganyen ta adana a rassa da saiwa. Da kore ya gushe, sai rawayan da ke ɓoye a ƙarƙashinsa tun bazara ya bayyana. Ja kuwa sabo ne, daga sukarin da ya maƙale a ganye ake yin sa, shi ya sa shekarar da aka sami rana mai haske da dare mai sanyi ta fi ja. Itacen mafil, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada, shi ne sarkin ja. Dogayen itatuwan tulif na kwarin sukan koma ruwan zinariya, itacen ok kuma ya yi launin kunun kanwa ya ƙi sakin ganyensa da wuri. Sati biyu zuwa uku ne kawai, iska ɗaya mai ƙarfi ta share komai. Wanda ya ce sai wani mako, sai baɗi.

To, baƙon da aka kawo nan ido rufe aka buɗe masa, zai rantse wannan daji haka Allah ya bar shi tun fil azal, gatari bai taɓa shigarsa ba. Jagoran kirki yakan bar mutane su yi wannan zato na ɗan lokaci, sannan ya nuna musu wata katangar dutse da gansakuka ta rufe, ko madatsar da ruwa ke zuba a kanta, ya ce su duba da kyau. Nan unguwar masana'antu ce a dā.

Labarin ya fara ne a 'yan gidajen dutse da ke gefen wata ƙaramar ƙorama, daf da inda ayarin ya tashi. A nan William Rittenhouse, wanda aka haifa a Jamus ya koyi sana'a a Holan, ya kafa masana'antar takarda a 1690, ta farko a duk yankunan da Ingila ke mulka a Amurka ta Arewa. Ba da itace yake yin takardar ba, da tsumma ne. Masaƙan garin Germantown da ke kusa suna saƙa lilin, mutane su sa har ya tsufa, a tattaro tsummokaran a jiƙa, ruwan ƙorama ya juya dabaran da ke ɗaga taɓaren daka, a daka su su zama kunu, a tace a shanya. A ɗaya daga cikin gidajen nan aka haifi jikan-ɗansa David Rittenhouse a 1732, masanin taurari kuma maƙerin agogo, wanda ya zama shugaban farko na gidan buga kuɗin Amurka a 1792.

Ƙasa kaɗan da nan, a kan tudu, akwai wani ɗan ɗakin dutse da aka haƙa cikin ƙasa, ana kiransa kogon Kelpius. Johannes Kelpius matashin malami ne da ya iso a 1694 da mabiya wajen arba'in, suna da yaƙinin duniya za ta tashi a wannan shekarar. Suka shiga daji suna ibada, suna duban taurari, suna haɗa magungunan gargajiya. Shekara ta wuce, duniya ba ta tashi ba. Suka ci gaba da jira har shi Kelpius ya rasu a 1708, jama'arsa suka watse. Ko a wannan ɗakin ya yi halwarsa, ko kuwa ma'ajiyar ruwan sanyi ce ta wani gida da aka gina daga baya, har yau ana gardama. Masu yawo dai ba ruwansu, sukan leƙa su ɗauki hoto.

Bayan Rittenhouse, injinan ruwa suka yi ta tsirowa a bakin rafin da rassansa har suka kai gommai: masu niƙa alkama, masu tsaga katako, masu matse mai, daga baya masu saƙa da rini. Aka sare itatuwan gangaren, aka fasa dutse ana gina gidajen birni da shi. Wanda ya lura da duwatsun gefen hanya zai ga suna ƙyalli kamar an barbaɗa musu garin azurfa, kuma wannan ƙyallin yana jikin tsofaffin gidaje da coci-coci na unguwannin Chestnut Hill da Germantown. A tsakiyar shekarun 1850 aka kammala hanya a gefen ruwan, mai shingen karɓar kuɗi. Gidajen saukar baƙi suka bunƙasa, abincinsu da ya yi suna kuwa shi ne soyayyiyar tarwaɗa da wani irin fanke mai ramuka-ramuka. Marubuci Edgar Allan Poe, da ya zauna a birnin shekaru kafin haka, ya rubuta maƙala yana yabon kyan rafin.

Sai ga maganar ruwan sha.

Filadelfiya birni ne da ya taɓa ganin tashin hankali: a 1793 zazzaɓin shawara ya kashe mutum wajen 5,000. Lokacin ba a san sauro ke yaɗa shi ba, aka ɗora laifin kan ƙazanta da ruwan rijiyoyi, aka koma jan ruwa daga kogin Schuylkill. Amma ruwan rini da dattin masana'antun Wissahickon cikin wannan kogin suke zuba, sama da inda birni ke ɗiba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. A 1868 hukumar da ke kula da gandun shaƙatawar birnin, Fairmount, ta sami ikon karɓe kwarin. Ta yi ta sayen filaye tana rushe injina ɗaya bayan ɗaya, aka hana sayar da giya a ciki, yawancin gidajen baƙi suka mutu. Ba don kyan ganye aka yi wannan ba, don tulun mutanen gari aka yi. Ma'aikata sun rasa abin yi, iyalai sun tashi, kuma wannan ɓangaren labarin ba kasafai yake samun wuri a allunan bayani ba. Dajin da ake sha'awa yau, mafi yawansa bayan wannan rusau ya tsiro.

Ayari ya miƙa. Sannu a hankali ya rabu uku, kamar yadda kowane ayari ke yi: masu sauri da ke duban agogon hannu suna ƙirga taku, 'yan tsakiya masu hira, da masu hoto waɗanda kowane ganye sai sun tsaya masa. Mutumin da aka sa a baya shi ke shan wahalarsu. Can sai kowa ya ɗaga kai, don gadar Walnut Lane ta bayyana a sama, tsayin mita 45 daga ruwa. Lokacin da aka buɗe ta a 1908, bakanta mai faɗin mita 71 shi ne bakan kankare mafi tsawo a duniya. Motoci na wucewa a kanta, amma daga ƙasa sai ɗan gunji ake ji, kamar hadari mai nisa.

A ƙasa kuwa babu mota, kuma wannan ba sa'a ba ce. Da motoci suka yawaita a farkon ƙarni na 20, aka taso da maganar a buɗe musu wannan hanya. A 1921 mahaya dawaki da masu keken doki da masu tafiya a ƙasa suka fito jerin gwano suka ce ba su yarda ba. Suka yi nasara. Daga nan hanyar ta sami sunan da ake kiranta da shi har yau, Forbidden Drive, wato Haramtacciyar Hanya, mai tsawon kusan kilomita 8 da rabi. Kowace shekara a ƙarshen Afrilu ana hawa don tunawa da wannan rana, da dawakai da kekunan doki, wani ɗan ƙaramin hawan daba irin nasu, ba algaita ba kakaki. Shekara uku bayan jerin gwanon, a 1924, mazauna yankin suka kafa ƙungiyar Friends of the Wissahickon, wadda har gobe ita ce ke gyaran hanyoyi, da dashen itatuwa, da horar da jagororin sa-kai irin wanda ke gaban ayarin nan. A 1964 gwamnatin tarayya ta sa kwarin cikin jerin wuraren halitta na ƙasa, a 2018 kuma jihar ta zaɓi hanyar a matsayin gwarzuwar shekara.

Dawakan ma suna nan. Akwai bargogi a cikin gandun, kuma ƙa'idar hanya ita ce mai keke ya kauce wa mai ƙafa, su biyun kuma su kauce wa doki. Yara kan tsaya baki buɗe, manya kan duba inda za su sa ƙafa.

Wajen rabin tafiya, a inda ƙoramar Cresheim ke haɗuwa da rafin, akwai wani gurbi mai zurfi da ake kira Tafkin Shaiɗan. Da zafi matasa kan cika shi suna tsalle daga kan duwatsu, ko da yake doka ta hana wanka, su bar shara buhu-buhu. A Oktoba ba kowa sai ganye na juyi a kan ruwa.

Gaba kaɗan sai zango: Valley Green, farin gida mai baranda da aka gina a 1850, shi kaɗai ya rage cikin gidajen baƙin dā yana aiki. Nan ake sauke jaka. Agwagi da dinya sun mamaye bakin ruwa, sun saba da mutane har sun yi rashin kunya, alluna na roƙon kada a ba su burodi. Waɗanda suka fara tafiya ba su san sunan juna ba, yanzu suna miƙa wa juna tuffa da gyaɗa. A nan ne kuma wasu kan ce gwiwa ta gaji, su juya. Ba wanda ke ganin laifinsu.

Sauran suka haye gadar dutse ta Rex Avenue, suka bar shimfiɗaɗɗiyar hanya suka kama matakala. Hawan gajere ne amma yana ƙwace numfashi, ga busasshen ganye ya rufe duwatsu yana santsi. A sama, kan wani ƙaton dutse, mutum-mutumin farin dutse ne mai tsayin mita 4 da rabi: namiji a durƙushe, ya kare ido da tafin hannu yana hangen yamma. An kafa shi a 1902, aikin masassaƙi John Massey Rhind, kuma mutanen gari na kiransa Tedyuscung, sunan wani shugaban Lenape na ƙarni na 18. Sai dai duk wanda ya san al'adun mutanen zai ga aibin nan take. Doguwar hular gashin tsuntsu da ke kansa ta ƙabilun filayen yammacin Amurka ce, Lenape ba su sa irinta. Kamar a ce za a sassaƙa Bahaushe a ɗora masa jar hular Ibo mai gashin mikiya, a ce ai duk 'yan Afirka ne.

A gindin wannan dutse ne ya dace a ba da labarin wata tafiyar ƙafa daban, wadda ba ta nishaɗi ba ce. A 1737 'ya'yan William Penn, wanda ya kafa Fensilbaniya, suka fito da wata takarda suka ce tsohuwar yarjejeniya ce: wai kakannin Lenape sun sayar da ƙasa iya inda mutum zai taka cikin yini ɗaya da rabi. Lenape suka amince, a tunaninsu tafiya ce irin ta mutane, a tsaya a ci abinci, a huta a inuwa. Ashe an riga an share hanya a ɓoye, an ɗauko mutum uku mafiya gudu. Biyu suka sare a hanya, na ukun, Edward Marshall, ya ci kusan kilomita 100. Da aka ja layi, sai ga Lenape sun rasa ƙasa sama da eka miliyan ɗaya a arewacin Filadelfiya. Shi Tedyuscung na gaskiya ya shafe shekaru yana ƙorafi kan wannan zamba a gaban gwamnoni, har ya mutu a 1763 lokacin da gobara ta cinye gidansa yana ciki, gobarar da ake kyautata zaton sa ta aka yi. Zuriyar Lenape yau suna Oklahoma da Wisconsin da lardin Ontario na Kanada. In jagora ya kai nan, hira takan ɗauke na ɗan lokaci. Daga nan wani ya nemi a ɗauke shi hoto.

Saukowa ta fi hawa wuya. Ana riƙe hannun tsofaffi, ana miƙa sanda.

Lada na gaba: jar gadar katako mai rufi ta Thomas Mill, wadda aka gina a 1855, aka sake gyara ta a 1939 ƙarƙashin shirin samar da aiki na gwamnatin Roosevelt, shirin da ya gina ƙananan rumfunan dutse da ke warwatse a kwarin. Ita kaɗai ce irinta da ta rage a Filadelfiya. Rufin ba don ado ba ne, ba kuma don masoya ba kamar yadda ake raha: katakon da ruwan sama da ƙanƙara ke duka yakan ruɓe cikin 'yan shekaru, wanda aka yi wa rumfa kuwa ya ga jikoki. Jan fentinta cikin rawayan ganye, da inuwarta a ruwa, shi ne hoton da ke kan kalandu.

Amma hoto ba ya nuna ciwo, kuma kwarin na da nasa. Itacen cesnat, wanda a dā yana cikin manyan itatuwan dazukan gabashin Amurka, wata cutar gwari da aka fara gani a New York a 1904 ta gama da shi cikin shekaru arba'in zuwa hamsin. Yanzu wani ƙwaro na tsotse itatuwan hemlok masu ganye kore duk shekara, wani kuma na huda itatuwan ash. Barewar ƙasar ta hayayyafa tun da ba kerkeci, tana cinye duk ɗan tsiron da ya leƙo, har ta kai hukuma na ɗauko maharba da hunturu su rage ta, masu kare haƙƙin dabbobi na kuka. Mafi girma kuwa ruwan ne kansa. Saman rafin duk unguwanni ne, da kwalta da rufin gidaje da wuraren ajiye mota, ƙasa ba ta samun shan ruwan sama, sai ya kwararo lokaci guda ya zaftare gaɓa. A farkon Satumban 2021, ragowar guguwar Ida ta cika rafin ya tumbatsa, ya yashe hanyoyi, ya kayar da itatuwa. In kuma an yi fari, kaso mai yawa na abin da ke gudana a cikinsa ruwa ne da matatun bahaya na garuruwan sama suka tace suka sako. Agwagin Valley Green ba su damu ba. Injiniyoyin hukumar ruwa sun damu, don rafin na shiga Schuylkill ne ɗan sama kaɗan da bututun matatar Queen Lane, wadda ke shayar da wani babban ɓangare na birnin. Damuwar 1868 ba ta je ko'ina ba, launin ruwan ne kawai ya canza.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana ayarin ya ɓulla a ƙarshen hanya, a Northwestern Avenue. Jagora ya sake ƙirga kawuna, ya cire waɗanda suka juya a zango, lissafi ya cika. Mai goyo ya sauke ɗansa da ya yi barci tun gadar katako. Ɗalibai na duba waya don ganin motar haya ta gaba, tsohuwar nan ta zauna kan benci tana kwance igiyar takalmi, tana tuna wa na kusa da ita ya duba bayan gwiwa da ƙeya in ya isa gida, saboda kaska. A aljihun yaron akwai jan ganye guda uku da wani ɗan dutse mai ƙyalli, wanda ba a san lokacin da ya tsinta ba.